Dawakan Nadia: Sharhi a Kan Littattafai Biyu na Lorna Selfe

1. Gabatarwa

A cikin shekarar 1977 aka buga wani littafi a Landan mai suna Nadia, wanda wata masaniyar halayyar yara, Lorna Selfe, ta rubuta. Labarin wata yarinya ne wadda bakinta bai buɗe ba, amma tun tana 'yar shekara uku da rabi ta ke zana dawaki da mahayansu, irin zanen da ko gwani ya gani sai ya tsaya ya sake dubawa. Bayan shekara 34, watau a 2011, marubuciyar ta fitar da littafi na biyu, Nadia Revisited, inda ta ba da labarin abin da ya sami yarinyar bayan ta girma.

Littafin farko ya yi suna ƙwarai, har ya zama da wuya a karanta wani babban littafi game da zanen yara ba a ci karo da dawakan Nadia ba. Amma abin da ya fi zama a zukatan mutane shi ne ƙarshen labarin: wai da aka sa ta makaranta ta fara koyon magana, sai baiwar ta gushe. Daga nan aka ɗauka cewa zane da magana kishiyoyi ne a cikin kan irin wannan yaro, in ɗaya ya shigo sai ɗaya ya fita.

Nufinmu a wannan takarda shi ne mu auna wannan magana. Za mu nuna cewa littafin farko ya cancanci yabon da ya samu wajen kwatanta zanen, amma hukuncin da aka ciro daga cikinsa bai tsaya a kan hujja mai ƙarfi ba, kuma littafi na biyu shi da kansa ya raunana shi. Al'amarin ya wuce gardamar masana, gama malamin da ya gaskata cewa zane abokin gabar magana ne zai iya karɓe alkalami daga hannun yaron da ba shi da wani abu sai shi.

2. Ma'anar Kalmomi

Kafin mu shiga cikin maganar ya kamata mu daidaita kalmomi uku.

Ta farko ita ce sunan lalurar. Likitoci suna kiranta otizam. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya kwatanta ta a 1943 bayan ya lura da yara 11 waɗanda ba su cuɗanya da mutane kamar sauran yara, maganarsu ta yi jinkiri ko ta zo ta wata hanya dabam, kuma ba su son a sake musu tsarin abin da suka saba. Daga baya, musamman ta wurin aikin Lorna Wing da Judith Gould a 1979, aka gane cewa lalurar hawa-hawa ce: akwai wanda ba zai taɓa iya riƙe kansa ba, akwai kuma wanda zai yi karatu har jami'a. Jaridu da gidajen rediyo na Hausa su kan ce galahanga, amma da ya ke an yi ta ɗora wannan kalma a kan lalurori fiye da ɗaya, a nan za mu riƙe sunan likitoci don kada a ruɗe.

Ta biyu ita ce abin da za mu kira bambancin ƙirar ƙwaƙwalwa. Wannan ra'ayi ya bayyana a ƙarshen shekarun 1990 a tsakanin masu lalurar su kansu, kuma wata 'yar Ostireliya, Judy Singer, tana cikin waɗanda suka yaɗa shi. Ma'anarsa ita ce ƙwaƙwalwar 'yan Adam ba ƙira ɗaya ba ce, don haka aikin mai taimako shi ne ya sauƙaƙa wa mutum zamansa yadda aka halicce shi, maimakon ya matsa masa sai ya zama kamar kowa. Yanzu a kan sa masu otizam da waɗansu masu lalurorin koyo a ƙarƙashin wannan suna.

Ta uku ita ce jiyya da zane. Wani mai zane Bature, Adrian Hill, shi ya laƙa wa aikin suna a 1942, bayan ya yi jinyar tarin fuka ya ga yadda zane ya taimake shi, ya kuma taimaki sauran majinyata. Yau sana'a ce mai horo da takardar shaida a Ingila da Amurka. Lorna Selfe ba mai wannan sana'a ba ce, kuma littattafanta ba na koyar da ita ba ne. Amma duk mai wannan aiki da yara masu otizam sai ya fuskanci tambayar da labarin Nadia ya tayar.

3. Abin da Littafin Farko Ya Ƙunsa

An haifi Nadia a garin Nottingham na Ingila a 1967, iyayenta kuwa mutanen Yukren ne da suka yi ƙaura. Ta fara furta 'yan kalmomi tana jinjira, sa'an nan maganar ta tsaya. Tana da shekara shida da rabi aka kai ta sashen binciken girman yara na Jami'ar Nottingham, a nan Selfe ta sadu da ita. A lokacin kalmominta ƙalilan ne, ba ta haɗa su su zama zance, kuma a sauran al'amura tana baya da tsararrakinta da nisa. Mahaifiyarta ta zo da tarin zane ta ce aikin yarinyar ne. Selfe ba ta sakankance ba sai da ta zauna ta ga ana yi a gabanta, gani kuwa ya kori ji.

Don a gane abin mamakin, sai a tuna yadda sauran yara su ke zane. Wani Bafaranshe, Georges-Henri Luquet, ya bayyana tun 1927 cewa ƙaramin yaro ya kan zana abin da ya sani ne, ba abin da idonsa ya ke gani ba. Ya san mutum yana da kai da ƙafa biyu, sai ya yi da'ira ya jona mata sanduna biyu. Ya san doki yana da ƙafa huɗu, sai ya jera su huɗu a layi ɗaya kamar ƙafafun tebur, ko da dokin da ke gabansa ƙafa uku kaɗai a ke hange. Kowane malamin aji ɗaya ya san wannan.

Nadia ba ta bi ta wannan mataki ba. Dokinta ya kan fito yana sukuwa ya nufo mai kallo, ƙirjinsa ya yi girma, gindinsa ya ƙanƙance saboda nisa, ƙafar da ke baya ta ɓuya a bayan wadda ke gaba, linzami da sirdi da ƙafar mahayi kowanne a mazauninsa. Ta kan zana zakara yana cara, baki buɗe. Da hannun hagu ta ke zane, da biro mai siririn baki, ba ta kula da launi. Yawancin abin da ta ke zanawa ta gan shi ne a littattafan yara masu hotuna, amma ba ta kan ajiye hoton a gabanta ta kwafa ba: ta kan ƙura masa ido, sai bayan kwana ɗaya ko fiye ta zana shi da ka, wani lokaci ta juya shi ya fuskanci wani gefe. Ta kan fara daga inda ba a zata ba, kamar wuyan doki, layukan kuma su je su haɗu daidai. In takarda ta ƙare ba ta damu ba, sai layin ya zarce.

A nan ne ƙarfin littafin ya ke. Selfe ta zauna da yarinyar, ta rubuta abin da ta gani dalla-dalla, ta kuma buga zanen da yawa don mai karatu ya yi hukunci da idonsa. Ba ta ƙawata labarin ba, ba ta kuma ɓoye tsananin lalurar ba. Mai koyon bincike a kan yara zai ƙaru da wannan sashe ko da bai yarda da sauran ba.

4. Bayanin da Aka Bayar

Da ta zo neman dalili, Selfe ta karkata ga rashin magana. Ga yadda hujjar ta ke a taƙaice. Yaro mai magana, da ya ga doki sai sunan "doki" ya faɗo masa, sunan kuwa ya jawo duk abin da ya sani game da dawaki, sanin nan ya shiga tsakanin idonsa da hannunsa. Nadia ba ta da sunan, don haka babu abin da ya shiga tsakani. Abin da ido ya ɗauka shi hannu ya ke saukewa. In haka ne, to, ranar da suna ya zo, labule ya sauka.

Abin da ya biyo baya ya yi kama da gaskata wannan. Tana da shekara bakwai da 'yan watanni aka sa ta makarantar yara masu otizam. Maganarta ta ɗan ƙaru, zanenta ya ragu, har ya zama ba ta cika ɗaukar biro don kanta ba sai an roƙe ta. Elizabeth Newson, malama a wannan sashe na jami'ar, ita ta rubuta jawabin rufe littafin. Ta tambaya ko wannan asara ce, ta kuma amsa cewa in raguwar baiwar ita ce kuɗin da za a biya don yarinyar ta sami magana, ko da 'yar kaɗan ce da za ta haɗa ta da mutane, to, wajibi ne a yarda a biya a madadinta.

Wannan ra'ayi ya yi tafiya mai nisa. A 1998 wani masani, Nicholas Humphrey, ya jera dawakan Nadia kusa da dabbobin da mutanen dā suka zana a kogon Chauvet na Faransa, wanda aka gano a 1994, ya ce kamanninsu ya isa ya sa a yi zaton masu zanen kogon su ma harshensu bai cika ba. Ka ga yadda yarinya ɗaya ta zama ma'aunin tarihin ɗan Adam duka.

5. Inda Hujjar Ta Yi Rauni

Dole a yi wa Newson adalci. Ta yi magana ne da sharaɗi, ta ce "in", kuma niyyarta ta jinƙai ce: ta fifita yarinyar a kan hotunan da manya ke sha'awa. Amma masu karatu sun yar da sharaɗin sun riƙe hukuncin. Ga dalilai huɗu da suka sa ba mu yarda da shi ba.

Na farko, abu biyu su faru a lokaci ɗaya bai sa ɗaya ya zama sanadin ɗaya ba. A cikin waɗannan shekaru da zanen ya ragu, mahaifiyar Nadia ta rasu da ciwon daji. Ita ce ta adana zanen tun farko, ita ce ta ɗauke su ta kai wa masana. Yaron da ya rasa uwa ya kan bar abubuwa da yawa da ya ke yi, balle wanda ba shi da bakin da zai faɗi abin da ke damunsa. A cikin shekarun nan kuma ta shiga makaranta, inda ranarta ta cika da waɗansu ayyuka, ta kuma zauna cikin yara masu zana da'ira da sanduna. Dalilai uku ke nan sun taru, an ɗauki ɗaya an ɗora masa laifin duka.

Na biyu, yawancin yara masu cikakkiyar lafiya su ma su kan rage zane in sun kusa balaga, sai fa wanda ya sami mai ƙarfafa shi. Babu wanda ya ke cewa magana ce ta kashe musu zane, tun da sun daɗe da iya ta.

Na uku, akwai waɗanda suka sami magana zanensu kuma bai tafi ba. Stephen Wiltshire, wanda aka haifa a Landan a 1974, bebe ne yana ƙarami, kuma yana da shekara uku aka gane yana da otizam. A makarantar Queensmill malamansa suka lura da son da ya ke yi wa zane, kalmar da ya fara furtawa kuwa ita ce sunan takarda. Wajen shekara tara bakinsa ya buɗe sosai, zanensa kuma sai ƙaruwa ya yi. Aka nuna shi a talabijin na BBC a 1987, a shekarar kuma aka buga littafin zanensa na farko. Ya yi karatun zane a wata makaranta a Landan ya gama a 1998. A 2005 ya zaga birnin Tokyo a jirgi mai saukar ungulu, sa'an nan ya zana shi da ka a kan takarda mai tsawon mita 10. Haka kuma Jessy Park ta Amurka, wadda mahaifiyarta Clara Claiborne Park ta rubuta labarinta a littattafai biyu, a 1967 da 2001: maganarta ta zo a hankali cikin shekaru masu yawa, ta kuma zama mai zana gine-gine da launuka, har a kan saya.

Mai gardama zai ce waɗannan biyu lalurarsu ba ta kai ta Nadia tsanani ba, don haka ba a gwama su. Wannan gaskiya ne, ba mu kuwa ce da an yi mata abin da aka yi musu da ta zama kamarsu ba. Abin da misalinsu ya tabbatar ƙarami ne amma ya isa: zuwan magana ba ya tilasta tafiyar zane. Wani abu kuma da ya haɗa su shi ne kowannensu ya sami wanda ya tsaya masa shekara da shekaru, malami ko uwa ko 'yar'uwa, yana kawo takarda, yana ɗaukar aikin da muhimmanci.

Na huɗu shi ne mafi nauyi, kuma daga littafi na biyu ya fito.

6. Littafi na Biyu

A cikin Nadia Revisited Selfe ta koma ta sami Nadia ta zama babbar mace, tana zaune a gidan da a ke kula da masu irin lalurarta, ba ta iya riƙe kanta. Zanenta ya koma irin na ƙaramin yaro. Maganar da aka ce an saya da shi kuwa ba ta taɓa wuce 'yan kalmomi da gajerun jimloli ba. Ta rasu a 2015.

To, ina cinikin? An ce an ba da zane an karɓi magana, ga shi zanen ya tafi maganar ba ta zo ba. Cinikin biri a sama ke nan. In da magana ce ta kori zanen, da sai a ga asarar ta yi daidai da ribar. Amma ga asara mai yawa a kan riba 'yar kaɗan, wannan kuwa ya nuna akwai wani abu dabam da ya yi aiki.

Ya kamata a yaba wa Selfe da ta koma. Masana da yawa su kan rubuta labarin yaro mai ban mamaki su sami suna, sa'an nan ba a ƙara jin inda yaron ya ƙare. Ita ta bi sawu fiye da shekara talatin, ta kuma kawo abin da ta tarar ko da bai yi daɗin ji ba. Ta tattaro ra'ayoyin da masana suka fitar a tsakanin littattafan biyu, kamar na Uta Frith na 1989, cewa mai otizam ya fi kama ɓangarorin abu ɗaya ɗaya fiye da dunƙulallen abin, ra'ayin da ya dace da yarinyar da ke fara doki daga wuya.

Amma ga inda mu ke ganin littattafan biyu sun gaza. Tambayar da ta fi cika su ita ce: yaya aka yi ta iya? Tambayar da ba ta sami rabonta ba ita ce: me zanen ya ke yi mata? An auna layukanta, an gwada su da na sauran yara, an nemi mazaunin baiwar a cikin ƙwaƙwalwa. Alhali kuwa littafin farko da kansa ya nuna cewa yarinyar da ta ke da sanyin jiki a sauran lokatai, in ta kama biro sai ta ware, hannunta ya yi sauri, wani lokaci ta dubi abin da ta zana ta nuna murna. Wannan shi ne bakin zaren da mai jiyya da zane zai kama, marubuciyar kuwa ta ambace shi ta wuce.

7. Mizanin da A ke Awo da Shi

Tun farkon sana'ar jiyya da zane masu ita sun rabu biyu. Margaret Naumburg ta Amurka ta ɗauki zane a kan hanya ce ta kaiwa ga magana: majinyaci ya zana, sa'an nan ya faɗi abin da zanen ya tono. Edith Kramer, wadda ta gudo daga Biyana a 1938 ta yi aiki da yara a Amurka, ta ce yin zanen shi kansa magani ne, ko an yi magana ko ba a yi ba. A Ingila Edward Adamson ya riƙe ɗakin zane a asibitin Netherne daga 1946 zuwa 1981, ya kan ba majinyata kayan aiki da wuri mai natsuwa, ba ya koya musu abin da za su zana, ba ya kuma fassara musu shi.

Hukuncin da aka ciro daga labarin Nadia ɗan gidan farko ne. Ya ɗauki zane kamar kwalekwale, in an haye kogi sai a bar shi a gaɓa. Ga wanda zai haye, wannan ba laifi. Amma akwai mutanen da ba za su haye ba har abada, su kuwa me za a ce da su?

Amsar tana cikin labarin Judith Scott. An haife ta a jihar Ohio ta Amurka a 1943 da lalurar da a ke kira da sunan likita Down, ga ta kuma kurma, amma ba a gane kurumtar ba sai bayan shekaru da yawa. Tana da shekara bakwai aka kai ta gidan gwamnati na masu naƙasa, ta yi shekara 35 a irin waɗannan gidaje. 'Yar'uwarta da aka haife su tagwaye, Joyce, ita ta fito da ita ta kai ta Kalifoniya, a 1987 kuma ta shiga wani ɗakin fasaha na masu naƙasa a garin Oakland mai suna Creative Growth, wanda aka kafa a 1974. Kusan shekara biyu tana zuwa ba ta nuna sha'awar fenti ko fensir ba, ba a kuwa kore ta ba. Ran nan wata mai aikin zare, Sylvia Seventy, ta zo koyarwa, sai Judith ta ɗauki 'yan sanduna ta fara naɗe su da zare. Daga ranar har rasuwarta a 2005 aikinta ke nan: ta tsinci abu, ta naɗe shi da zare da tsumma launi-launi, mako da makonni, har ya zama wata siffa da ba a taɓa gani ba. Ta yi sama da ɗari. An nuna su a gidan tarihi na Brooklyn a 2014, da babban bikin fasaha na Banis a 2017.

Judith Scott ba ta taɓa yin magana ba. In da mizanin magana aka auna ɗakin nan, da an ce ya gaza. Amma mace da ta yi shekara 35 a ajiye ta sami aikin da ta ke tashi dominsa kowace safiya, da wurin zama nata, da mutanen da suka san ta. Ba shahararta mu ke nufi ba, gama ita ba ta san da ita ba, kuma yawancin masu zuwa irin wannan ɗaki ba za su shahara ba. Shekarun nan 18 na aiki mu ke nufi.

Maganar mizani ba ta tsaya ga zane ba, ta shafi sauran fasahohin da a ke jiyya da su, kuma a wajen kiɗa aka fi yin gwaji mai faɗi. A 2017 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi da yara 364 masu otizam a ƙasashe 9, inda aka yi wa waɗansu jiyya da kiɗa har wata biyar, waɗansu ba a yi musu ba. Abin da aka auna shi ne ko alamun lalurar sun ragu, aka kuwa tarar babu wani bambanci na kirki. Wannan sakamako gaskiya ne, kuma ya isa gargaɗi ga duk mai cewa fasaha tana warkar da otizam. Ba ta warkarwa, mai faɗin haka kuwa yaudarar iyaye ya ke yi. Amma da ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 26 a 2022, ta duba har da jin daɗin zama da kyautatuwar hali gaba ɗaya, sai ta ga alamar amfani. Watau amsar da mutum ya samu tana bin tambayar da ya yi.

8. Abin da Ya Shafi Malamai

Malamin da ya fito daga makarantar horon malamai zai tarar da irin waɗannan yara a ajinsa, ko da ba a taɓa kai su gaban likita ba. A ƙasarmu a kan ce da irinsu dolo ko wawa, ko a ce iska ce ta taɓa su, sai a bar su a ƙarshen aji ko a tsare su a gida. Daga abin da ya gabata muna iya ciro abubuwa huɗu.

Ɗaya, kada malami ya zaci kowane mai otizam yana da ɓoyayyar baiwa. Irin su Nadia kaɗan ne ƙwarai. Wanda ya ba yaro takarda don yana jiran abin mamaki zai gaji ya janye ta in bai gani ba, alhali yaron da ke jan layi marar siffa yana iya samun natsuwar da gwani ke samu.

Biyu, kada a mai da abin da yaro ke so ya zama abin ja masa rai kullum. An ba da labari cewa malaman Wiltshire sun ɗauke masa kayan zane na ɗan lokaci don ya nema da baki, dabarar kuwa ta ci. Amma sun mayar masa, suka kuma ci gaba da ba shi. Wanda ya koyi ɗaukewa bai koyi mayarwa ba ya koyi rabin darasin, mugun rabin kuwa.

Uku, a yi haƙuri wajen neman kayan da suka dace da hannun yaro. Nadia biro ta so, ta ƙi launi. Judith Scott ta ƙi fensir, ta so zare. Inda babu fenti akwai gawayi da allo, da yumɓu, da kaba, da zaren ɗinkin hula, da ƙyallayen da tela ya zubar.

Huɗu, a ci gaba da koyar da magana iyakar ƙoƙari, da baki ko da hannu ko da hoto, gama babu mai musun amfaninta. Abin da mu ke ƙi shi ne a ce sai an ba da ɗaya kafin a sami ɗaya. Babu wata hujja a cikin littattafan nan biyu da ta tilasta wannan zaɓi.

Muna ba malamai da ɗalibansu shawara su karanta littattafan biyu tare, kada su tsaya ga na farko. Wanda ya karanta na 1977 kaɗai zai fita da labari mai daɗin faɗi, na yarinyar da ta sayar da dawakanta ta sayi harshe. Wanda ya haɗa da na 2011 zai ga cewa ba a yi wannan ciniki ba, zai kuma koma ajinsa da tambayar da ta fi amfani: yaron nan da ba ya magana, mene ne abin da in ya kama shi jikinsa ya kan ware, wa kuma zai tabbata bai rasa shi ba bana da baɗi da shekarun da ke gaba?